Me ya sa jelifish ke sammako a tekunan da ke ɗumama?

A daren 10 ga watan Agusta na 2025 zuwa wayewar gari, injina huɗu na tashar nukiliya ta Gravelines, wadda ke gaɓar teku a arewacin Faransa, suka kashe kansu ɗaya bayan ɗaya. Sauran biyun dama ana yi musu gyara, don haka ɗaya daga cikin manyan tashoshin lantarki na Yammacin Turai ta tsaya cak. Da ma'aikata suka duba, sai suka tarar da wata halitta mai santsi, wadda ba ta da ƙashi ko ƙwaƙwalwa, ta cika matatun da ke tace ruwan tekun da tashar ke zuƙa don sanyaya injinanta. Wannan halitta ita ce Turawa ke kira jelifish.

Ba a kan Faransa aka fara ba. A Disambar 1999 sun toshe wata tashar lantarki a ƙasar Filifin, tsibirin Luzon ya faɗa cikin duhu, har wasu suka zaci juyin mulki ake yi. A 2011 sun tsayar da tashar nukiliya ta Torness a Sikotilan, a 2013 kuma ta Oskarshamn a Suwidin. Duk lokacin da irin wannan ya faru, tambayar da 'yan jarida ke yi ita ce ko jelifish na ƙaruwa a duniya. Tambaya ce mai kyau, za mu zo kanta. Amma akwai wata da masu binciken teku suka fi damuwa da ita: yaushe suke fitowa? A wasu gaɓoɓin teku da aka daɗe ana ajiye lissafi, an ga suna bayyana makonni, wani wurin ma kusan wata biyu, kafin lokacin da aka saba ganinsu. Wannan sammakon kuwa yana iya sauya wanda zai ci da wanda za a cinye a cikin ruwan.

Wace halitta ce wannan?

Ko da yake akwai kalmar kifi a cikin sunansa na Ingilishi, jelifish ba kifi ba ne. Danginsa su ne murjani da furannin teku. Ka ɗauka wata laima ce ta ruwa-ruwa, kana iya hango abin da ke bayanta, ga zaruruwa suna reto a ƙarƙashinta. Kimanin kashi 95 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne. Ba shi da zuciya, ba jini, ba huhu. A maimakon ƙwaƙwalwa yana da ragar jijiyoyi da ta bazu a jikin laimar, ita ke sa ta takurewa da buɗewa yana tafiya. A jikin zaruruwan akwai dubban ƙananan ƙwayoyin harbi, kowace da ɗan mashinta mai dafi a naɗe, da su yake kama abinci, su ne kuma ke sa fatar mai iyo ta yi raɗaɗi idan ya goge shi.

Tsohuwar halitta ce ƙwarai. An samu burbushinta a cikin duwatsun da suka haura shekara miliyan 500, wato ta riga kifi mai muƙamuƙi zuwa teku da nisa. Girmansu ya bambanta: akwai wanda bai kai ƙwayar gero ba, akwai kuma na tekun Japan da faɗinsa ke kai mita 2, nauyinsa kilo 200. Har a ruwan daɗi ana samun wasu ƙananan danginsu. Akwai wani mai suna Limnocnida, wanda bai wuce faɗin kwabo ba, da aka fara ganowa a Tafkin Tanganyika, kuma tun farkon ƙarni na 20 aka rubuta samunsa a Kogin Kwara.

Rayuwa biyu

Idan kana son gane dalilin sammakon, sai ka fara sanin cewa laimar da ake gani tana yawo rabin labarin ce kawai. Yawancin jelifish na gaɓar teku rayuwa biyu suke yi.

Manyan da ke yawo su ke hayayyafa, akwai maza akwai mata. Ƙwan da ya haɗu da maniyyi yakan zama 'yar tsutsa mai gashi-gashi, ta yi iyo na 'yan kwanaki, sannan ta nemi wuri mai tauri ta manne: ƙarƙashin dutse, bawon kawa, ginshiƙin gada, ko cikin jirgin da ya nutse. A nan take rikiɗa ta zama wani ɗan abu mai kama da tsiro, tsawonsa milimita biyu zuwa uku, da baki a sama da 'yan hannuwa kewaye da shi. Masana na kiransa polif. Ba ya zuwa ko'ina, sai dai ya zauna yana kama abin da ruwa ya kawo masa.

To, a nan ne lissafin yake. Polif ba ya buƙatar aure kafin ya ƙaru. Yana tohuwa kamar yadda ayaba ke fitar da 'ya'ya a gindinta, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama goma, har su shimfiɗe ƙarƙashin wani dandamalin tashar jiragen ruwa. Idan yanayi ya yi tsanani, wasu nau'o'in kan bar wani ɗan ƙulli mai tauri a manne, ya yi ta jira har abubuwa su gyaru. Manyan jelifish galibi watanni kawai suke yi su mutu, amma gandun polif yana iya shekara da shekaru a wuri guda.

Idan lokaci ya yi, sai jikin polif ya fara tsagewa a kwance, ya zama kamar an jera faya-fayai ɗaya kan ɗaya. Faifan sama ya fara motsi, ya ɓalle, ya tafi. Na biye da shi ma haka. Kowane faifai ɗan jelifish ne, mai kama da 'yar tauraruwa mai reshe takwas, ana kiransa efira. Polif guda yana iya sakin da dama, kuma bayan ya gama ba ya mutuwa, sai ya murmure ya jira wata shekara.

Ka ga ke nan, tarin jelifish da ya cika gaɓa a watan Yuli ba a watan Yuli aka haife shi ba. An yanke hukuncin yawansa da lokacinsa tun watannin sanyi, a wani lungu da babu mai kallo. Miliyoyin polif ne suka sami alama ɗaya a lokaci ɗaya, suka saki 'ya'yansu kusan tare.

Agogon da ke cikin polif

Wace alama ce wannan? Akwai hannun abinci, da haske, da gishirin ruwa, amma wadda ta fi kowace ƙarfi a tekunan da ke da hunturu ita ce zafin ruwa.

Jelifish da aka fi nazari a duniya shi ne Aurelia aurita, wanda ake wa laƙabi da jelifish na wata, mai zobba huɗu a tsakiyar laimarsa. Shi ne ya toshe tashar Suwidin da muka ambata. A ɗakin gwaji, idan kana son polif ɗinsa ya fara tsagewa, sai ka sanyaya masa ruwa na wasu makonni. A 2014 wata tawaga da ta haɗa da Konstantin Khalturin ta wallafa a mujallar Current Biology cewa ta gano wani sinadari da ke taruwa a jikin polif sannu a hankali muddin ruwa na da sanyi. Sai ya kai wani mizani sannan tsagewar ke farawa. Wato polif yana ƙirga kwanakin sanyi ne, don kada sanyin kwana biyu ya ruɗe shi ya saki 'ya'ya a lokacin da babu abinci. Hikimar ita ce 'ya'yan su fito daidai lokacin da hunturu ke ƙarewa, teku na cika da ƙananan halittun da za su ci.

Yanzu sai ka kawo ɗumamar yanayi cikin wannan tsari. Teku ne ke shanye kimanin kashi 90 cikin ɗari na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ke tarewa a duniya, kuma ruwan gaɓa marar zurfi ya fi saurin ɗaukar zafi. Jelifish ba ya iya riƙe zafin jikinsa, duk yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Idan ruwa ya ɗan ɗumama, komai nasa yana sauri: polif yana tohuwa da sauri idan akwai abinci, tsagewar da ta fara tana kammala da sauri, efira na girma da sauri. Ɗumin da ya zo da wuri a watan Maris ko Afrilu yana nufin laimomi manya da wuri.

Amma fa ba kowane nau'i ne ke amsa zafi iri ɗaya ba, kuma a nan ne masu cewa zafi alheri ne ga duk jelifish suke kuskure. A kudu maso gabashin Sifen akwai wani tafkin gishiri mai suna Mar Menor, inda wani jelifish mai kama da soyayyen ƙwai, Cotylorhiza tuberculata, ke cika ruwa a lokacin zafi tun shekarun 1990. Binciken masanan Sifen ya nuna hunturu mai tsanani yana kashe polif ɗinsa, ɗumamar ruwa bayan hunturu kuma ita ke sa shi tsagewa. Wannan kam hunturu mai sauƙi gaba ta kai shi. Shi kuwa jelifish na wata, da yake sai ya ƙirga sanyi, gwajin da masana a Jami'ar Southampton ta Ingila suka wallafa a 2021 ya nuna gajeren hunturu mai ɗumi yana iya rage yawan 'ya'yan da polif ɗinsa ke saki. Don haka a gaɓa ɗaya, ɗumama na iya ɗaga wani nau'i ta danne wani.

Abin da lissafin shekara hamsin ya nuna

Gane cewa wani abu ya yi sammako yana buƙatar sanin lokacin da yake zuwa a da. Wannan shi ne wahalar binciken jelifish, domin shekaru da yawa masu binciken kifi zubar da su suke yi idan sun shiga raga, ba a ko rubuta su. Wurare kaɗan ne aka yi dace.

Ɗaya daga ciki shi ne tsibirin Texel na ƙasar Holan. Tun 1960 cibiyar binciken teku ta ƙasar take ɗana wani tarkon kifi na raga a wuri ɗaya, a bakin mashigar Tekun Wadden, kuma a lokutan da yake cikin ruwa kullum ana zazzage shi a rubuta abin da ya kama, har da jelifish. Da aka zauna aka duba lissafin shekara 50, binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna nau'o'in da ke shiga tarkon suna bayyana da wuri a shekarun baya-bayan nan fiye da da. Ga jelifish na wata, sammakon ya tafi daidai da ɗumamar ruwan hunturu. Abin lura shi ne lissafin bai nuna cewa dukkansu ƙaruwa suke yi ba. Abin da ya fito fili shi ne sauyin lokaci.

Misali na biyu ya fi fayyace abin da ke cikin hatsari. A gaɓar gabashin Amurka, a jihar Rhode Island, akwai wani lungun teku mai suna Narragansett, inda masanan jami'ar jihar suke ɗibar ruwa suna ƙirga halittun cikinsa tun shekarun 1950. A can akwai wata halitta mai suna Mnemiopsis leidyi. A ido kamar jelifish take, ruwa-ruwa, amma dangi daban ce: ba ta harbi, ba ta da polif, tana tafiya ne da layuka takwas na gashi masu kama da haƙoran mataji. A wajen cin abinci kuwa aikinsu ɗaya. A da sai ƙarshen lokacin zafi take yawaita. John Costello da Barbara Sullivan da Dian Gifford sun nuna a 2006 cewa tsakanin 1951 da 2003 lokacin bayyanarta ya matso gaba da kwana 59.

Abin da ya sa wannan binciken ya yi suna shi ne abin da bai motsa ba. Babban abincin wannan halitta a lokacin zafi wani ɗan ƙwaron ruwa ne mai suna Acartia tonsa, dangin jatan lande, tsawonsa kamar milimita ɗaya. Lokacin fitowarsa bai sauya ba a duk tsawon shekarun. Me ya sa? Domin ba wuri ɗaya suke fakewa da hunturu ba. Ita mai matajin tana laɓewa ne a ƙananan lunguna marasa zurfi, waɗanda ke ɗumama da zarar rana ta fara ƙarfi, ta hayayyafa a can sannan ta bazu. Shi kuwa ƙwaron, ƙwansa ne ke kwana a cikin laka a ƙasan ruwa mai zurfi, inda ɗumin ke jinkirin isa. A da ƙwaron yakan fito ya cika ruwa kafin maharbinsa ya iso. Yanzu da ya ƙyanƙyashe sai ya tarar ana jiransa. Yawan da yake yi a lokacin zafi ya ragu ƙwarai a wannan lungu.

Idan baƙo ya riga mai gida zama gaban akushi

Me ya haɗa wannan da kifin da mutane ke ci? Ɗan kifi idan ya ƙyanƙyashe yana ɗauke da ɗan guzurin gwaiduwa da zai riƙe shi kwanaki kaɗan. Kafin ya ƙare dole ya sami abinci daidai bakinsa, wato irin waɗannan ƙananan ƙwarin ruwa da 'ya'yansu. Masanin kifi ɗan Ingila David Cushing ya daɗe da bayyana cewa yawan kifin da za a samu daga haihuwar kowace shekara ya danganta da ko ƙyanƙyasar ta dace da lokacin yalwar abincin ko ta saɓa. Manomi ya san irin wannan: iri mai kyau da gona mai kyau ba su hana asara idan shuka ta saɓa da ruwa.

Matsalar ita ce halittun teku ba agogo ɗaya suke bi ba. A 2004 Martin Edwards da Anthony Richardson sun wallafa a mujallar Nature nazarin bayanan Tekun Arewa, wanda ke tsakanin Birtaniya da Turai, daga 1958 zuwa 2002. Bayanan sun fito ne daga wata na'ura da jiragen kasuwanci ke ja a bayansu tana tace ruwa, aikin da aka fara tun 1931. Sun ga ƙananan tsirran ruwa da ke buɗe kakar yalwa ba su cika motsawa ba, domin tsawon yini suke bi, shi kuwa ɗumama ba ta taɓa shi. Ƙwarin ruwa na lokacin zafi sun matso da kimanin kwana 10. 'Ya'yan halittun da ke zaune a ƙasan teku sun matso da kimanin kwana 27. Kowa ya tashi, amma ba tare ba.

A cikin wannan ruɗani, jelifish da ya yi sammako yana cutar da ɗan kifi ta hanya biyu. Yana cinye abincinsa, yana kuma cinye shi kansa, da shi da ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. Tun 1984 Heino Möller ya nuna a mujallar Science cewa a lungun tekun Kiel na Jamus, shekarun da jelifish na wata ya yi yawa, 'ya'yan kifin shawa sukan ragu sosai. Girma ma na da muhimmanci. Efira da ta fito jiya ba za ta iya kama ɗan kifi ba, amma wadda ta riga shi da wata guda ta zama laima mai faɗin tafin hannu. 'Yan makonnin nan su ne bambancin.

Akwai kuma wata fifiko da jelifish ke da ita. Kifi da ido yake farauta, yana buƙatar ruwa mai haske. Jelifish laluben ruwa yake yi, duk abin da ya taɓa zarensa ya kamu, dare ko rana, ruwa garau ko gurɓatacce. Da yake jikinsa ruwa ne, ƙara girma ba ya cin masa abinci mai yawa.

Zafi ba shi kaɗai ke aikin ba

Duk da haka, wanda ya ɗora wa ɗumamar yanayi komai ya bar sauran masu laifi sun tsere. Akwai aƙalla huɗu.

Na farko, kamun kifi fiye da kima. Tekun Namibiya na cikin mafi albarka a duniya. A ƙarshen shekarun 1960 ana kama kifin sadin sama da tan miliyan ɗaya a shekara, daga baya kifin ya durƙushe bai sake farfaɗowa yadda yake ba. Binciken da Christopher Lynam da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya ƙiyasta nauyin jelifish a yankin da tan miliyan 12.2, na kifi kuma tan miliyan 3.6. Sadin da jelifish abinci ɗaya suke ci. Da aka kwashe ɗaya, ɗayan ya gaje akushin.

Na biyu, taki da ƙazantar birane da koguna ke kwarara wa teku. Suna sa tsirran ruwa su yi yawa, su mutu, su ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar oksijin. Kifi ya gudu ko ya mutu, jelifish da polif ɗinsa kuwa suna jure ƙarancin iska fiye da yawancin kifaye.

Na uku, gine-gine. Polif yana son ƙarƙashin abu mai tauri, mai inuwa. Kowace tashar jiragen ruwa, kowane dandamalin haƙar mai, kowane kejin kiwon kifi, sabon gida ne gare shi, a wuraren da a da yashi ne zalla.

Na huɗu, jigila. Jiragen dakon kaya suna ɗibar ruwa a wata tasha don daidaita nauyinsu, su zubar a wata. Ta haka Mnemiopsis ɗin nan ta Amurka ta isa Bahar Aswad a farkon shekarun 1980. Zuwa ƙarshen shekarun ta cika tekun, kamun ƙaramin kifin ancobi, wanda dama ya sha matsin masunta, ya rushe. Sauƙi bai samu ba sai da wata 'yar uwarta mai suna Beroe, wadda ita take ci, ta iso a wajajen 1997. Ta mashigin Suwez kuma wani babban jelifish, Rhopilema nomadica, ya shiga gabashin Bahar Rum a shekarun 1970, yanzu kusan duk lokacin zafi yana taruwa a gaɓoɓin yankin.

Waɗannan abubuwa suna haɗuwa ne. Ɗumi ya buɗe ƙofa da wuri, gine-gine sun ba da masauki, taki ya kawo abinci, raga kuma ta kwashe abokan gasa.

To, suna mamaye teku ne?

Masana biyu sun duba wannan tambaya a kusan lokaci ɗaya. Lucas Brotz da abokansa, a 2012, sun duba manyan yankunan teku 45 da aka sami bayanai a kansu, suka ga alamar ƙaruwa a kashi 62 cikin ɗari. Robert Condon da tawagarsa, a 2013, sun tattara dogayen lissafi, wasu sun haura shekara ɗari, suka ga yawan jelifish a duniya yana hawa da sauka a zagayen kimanin shekara 20, tare da ɗan ƙari kaɗan tun shekarun 1970. Hawan da aka yi a shekarun 1990 zuwa farkon 2000 shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka mamaya ce.

Idan ka haɗa su biyun, abin da za ka fahimta shi ne tarin jelifish tsohon abu ne a teku, yana zuwa yana wucewa, amma a wasu wurare takamaimai tsarin ya sauya. A yammacin Bahar Rum, bayanan kimanin shekara 200 sun nuna Pelagia noctiluca, wani ɗan jelifish mai launin shunayya da harbi mai zafi, yakan yawaita kusan duk bayan shekara 12. Tun ƙarshen shekarun 1990 tazarar ta ragu sosai. Wannan nau'in ba shi da polif, a tsakiyar ruwa yake dukkan rayuwarsa, kuma shi ne a Nuwambar 2007 ya afka wa wata gonar kifin salmon a Arewacin Ayalan ya kashe sama da kifi 100,000. A Japan kuwa, ƙaton nan na mita 2, wanda ake kira Nomura, an rubuta manyan fitowarsa a 1920 da 1958 da 1995. Daga 2002 sai ya koma zuwa kusan kowace shekara har zuwa 2009, shekarar da nauyinsa a cikin raga ya kifar da wani jirgin kamun kifi mai tan 10 a kusa da Chiba.

Kada kuma a ɗauka jelifish sharri ne zalla. Kunkurun teku mai baya kamar fata, wanda ke zuwa yin ƙwai a gaɓar Gabon da yawa, kusan da su kaɗai yake rayuwa. Kifaye da tsuntsayen teku da dama suna cinsu, ƙananan kifi na fakewa a ƙarƙashin laimarsu, a Sin da Japan kuma mutane na sarrafa wasu nau'o'in da gishiri su ci.

Abin da ake iya yi

Tarin da ya riga ya taso ba a iya tsayar da shi. Abin da ake iya yi shi ne a riga shi sani. Japan ce ta fi nuna yadda ake yi. Shin-ichi Uye na Jami'ar Hiroshima da ɗalibansa sun riƙa hawa jiragen fasinja da ke zirga-zirga tsakanin Japan da Sin suna ƙirga ƙananan Nomura daga kan bene a farkon lokacin zafi. Da yake a ruwan da ke tsakanin Sin da Koriya ake haihuwarsu, kuma igiyar ruwa na ɗaukar makonni kafin ta kai su Japan, wannan ƙirga tana ba masunta damar shiryawa, su sa ragar da ke ware jelifish daga kifi. A lungun tekun Chesapeake na Amurka, hukumar kula da teku da yanayi ta ƙasar tana fitar da taswirar inda ake sa ran cin karo da jelifish mai harbi, ta hanyar auna zafin ruwa da gishirinsa.

Sai dai duk irin wannan hasashe an gina shi ne a kan kalandar da aka saba. Mai gonar kifi ya san watan da zai sa ido, tashar lantarki ta san lokacin da za ta ƙara masu share matata, hukumar kamun kifi ta san lokacin da za ta rufe wurin haihuwar kifi. Idan halittun suka sauya lokacinsu kalandar ofis ba ta sauya ba, kowa zai iso a makare. Shi ya sa aikin da ba ya jan hankali, irin na zazzage tarko ɗaya kowace safiya shekara hamsin ana rubutawa, ya fi kowace sabuwar na'ura daraja a wannan fanni. Shi ya sa kuma masana ke ƙara leƙa ƙarƙashin gadoji da dandamali a watannin sanyi, suna ƙirga polif.

Mai karatu da ke Kano ko Maraɗi zai iya cewa ina ruwansa da teku. Ya duba teburin mai kifin ƙanƙara a kasuwa. Titus da shawa da ake shigowa da su Najeriya, kaso mai yawa daga arewa maso gabashin Tekun Atlantika suke fitowa, ta hannun ƙasashe irin su Norway da Holan, ruwan da Texel ke bakinsa. Kowane ɗaya daga cikin kifayen nan ya taɓa zama ɗan mitsitsin abu mai guzurin kwanaki kaɗan, yana neman abinci a cikin ruwan da wani ke iya riga shi isa.